Rashin Na Biyu

A kwamitin jam'iyyarmu na gunduma, ƙudiri ba ya tashi da bakin mutum ɗaya. In ka miƙe ka ce “Na gabatar,” sai an sami wani ɗan kwamiti ya ce “Ni ne na biyu.” Kafin a faɗi haka babu mai izinin cewa uffan a kan maganar, yabo ko suka. In ba a faɗa ba, shugaba ta ɗan jira, ta buga gudumarta ta katako, a wuce gaba. Na san wannan tun ina firamare, lokacin da Baba yake zuwa da ni taro a ɗakin ƙasa na cocin Lutheran, in zauna kusa da tukunyar gahawa ina cin kek ɗin da matan jam'iyya suka kawo.

Sunana Marit Dahlke. Na yi karatun lauya a Minneapolis, na dawo Tilden Grove bayan rasuwar Baba don in zauna da Mama, aka kuma zaɓe ni a kujerarsa ta kwamiti. A shekarar ce wani kamfani ya zo da maganar binne bututun iskar gas, hanyar kuma ta ratsa tsakiyar gonarmu ta masara. Mama ta ce ba ta bayarwa. Kamfanin bai damu ba, domin akwai doka a gaban majalisar jihar Iowa wadda in ta wuce, za a karɓi hanyar daga hannun manomi ko yana so ko ba ya so. Ɗan majalisarmu ɗan jam'iyyarmu ne, mutum mai tsoron inuwarsa. Na same shi a ofis, ya ce, “Marit, ni ɗan aike ne. Ki kawo min matsayar jam'iyyar gunduma in tsaya a kai.” Majalisa kuma za ta kaɗa ƙuri'a kafin lokacin shuka.

Saboda haka a taron Disamba na shiga da ƙudirina. Ban roƙi kowa ya zama na biyu ba. A ganina abin da yake daidai ba ya bukatar roƙo. Kuma Nico Barajas, jagoran matasan kwamiti, ya riga ya karanta ya ce min, “Wannan wuta ce, Marit.” Shi ne zaune a gefena.

Abin da ban zata ba shi ne baƙuwa. Wata budurwa sa'ata ta kafa kyamara a bayan ɗakin, kusa da inda ake rataye riguna. Kendra Oyler sunanta, daga wani gidan talabijin na babban birnin jiha. Taronmu a buɗe yake ga kowa, amma tun da nake ban taɓa ganin baƙon da ya wuce mijin wata da ya zo ɗaukarta ba. Dattawan nan sai suka zauna ƙiƙam kamar masu jiran likita. Ko Kawu Vern, wanda ba a raba shi da barkwanci, ya naɗe hannuwa a ƙirji. Vern Kuhlman abokin Baba ne tun ƙuruciya, tsohon mai waldar bututu, kuma rabin kwamitin mutanensa ne na ƙungiyar ƙwadago, masu 'ya'yan da ke sa ran samun aiki a wannan bututun.

Na miƙe. “Madam Shugaba, na gabatar da cewa jam'iyyarmu ta gunduma tana adawa da wannan bututu, tana kuma adawa da karɓe filin manomi da ƙarfi saboda shi.”

Loretta Vondracek, wadda ta koyar da ni a aji huɗu kafin ta yi ritaya ta zama shugabarmu, ta dube ni ta saman tabaranta. “An gabatar. Akwai na biyu?”

Injin ɗumama ɗaki kawai ake ji. Na dubi Nico, ya duƙar da kai yana nazarin igiyar takalminsa.

“Akwai na biyu?” Ta jira fiye da yadda ta saba, na lura da haka. Sannan ta buga guduma. “Ƙudiri ya mutu don rashin na biyu.”

Haka kowane shugaba yake faɗa tun kafin a haife ni. Haka aka faɗa a kan ƙudirin sauya kujerun ɗakin, shi ya sa har yau muke zama a kan masu ƙara. Na zauna, aka shiga maganar wa zai kawo me a liyafar Kirsimeti.

Washegari da yamma muka ga kanmu a talabijin. An rubuta a ƙasan allo cewa jam'iyya ta dare gida biyu. Suka nuna fuskata, suka nuna shirun gaba ɗayansa, suka nuna Loretta tana cewa “Ƙudiri ya mutu,” guduma ta sauka, aka yanke nan. Kafin ƙarshen mako hoton ya kai New York. Wasu mutane a bayan dogon teburi, waɗanda ko sunan garinmu ba su iya faɗa ba, suka raba mu kamar nama. Ɗaya ta ce ni ce fuskar sabon jini da tsofaffi ke toshe wa baki. Wani ya ce ire-irena 'yan boko ne suka sa jam'iyya ke rasa manoma, ni da na tashi ina tsince duwatsu a gona kowace bazara. Ba wanda ya ambaci bututu sai can a ƙarshe, shi ma a wuce.

Mama ta daɗe tana kallo, saƙarta a cinya. Ta ce, “Wai ba ki da mataji ne? Duk ƙasar nan ta ga kanki haka.”

Ni saƙonnin yabo suka cika min waya, daga mutanen da ba su san bambancin masara da dawa ba. Loretta kuwa kira ake yi mata daga jihohin da ba ta taɓa takawa ba, ana ce mata tsohuwar azzaluma, har ta cire wayar gidanta daga bango. A gari kuma magana ɗaya ce: Marit ce ta kira su. A coci ana gaishe ni da kyau, da murmushi, a bar min benci guda ni da Mama. Mutanenmu ba sa zagi. Ladabi suke ƙarawa har sai ka ji sanyinsa a ƙashi.

Na haɗu da Kawu Vern a gidan mai, yana goge ƙanƙara daga gilashin motarsa.

“A'a, ga tauraruwa! Lauya, ki sa min hannu a hular nan kafin ki tafi Washington.”

“Ina kwana, Kawu Vern. Gwiwar ta yi sauƙi?”

“Gwiwa lafiya lau. Kunya ce ke damuna.” Ya daina gogewa. “Ubanki da ni mun yi faɗa a ɗakin nan har muka kusa dambe, ba sau ɗaya ba. Amma bai taɓa gayyato mutanen birni su zo kallo ba.”

“Ni ma ban gayyato ba.”

“Haka kika ce.”

“Haka na ce, kuma sau ɗaya zan faɗa.”

Na biya mai na tafi. Ban rantse masa ba, ban bi gida gida ina wanke kaina ba. Wanda ya san ni tun ina cikin zanen goyo, in bai yarda da maganata sau ɗaya ba, ba zai ji ta sau biyu ba.

Nico ne ya neme ni, a shagon gahawa na bakin titi, fuskarsa sai sheƙi take yi. Ya juyo min da wayarsa in ga yawan waɗanda suka kalli hoton.

Na ce, “Kai ka kira ta.”

“Ni na kira ta.” Ko a jikinsa.

“Kuma ka ƙi buɗe baki.”

“Marit, ki yi tunani. Da na ce na biyu, sai su yi ta surutu, su kaɗa ƙuri'a, su kayar da ke, kowa ya tafi gida ya ci abinci. Wa zai ji? Amma shirun nan, ke, shirun nan ya fi jawabi dubu.”

“Gonar uwata ce, Nico.”

“Na sani. Shi ya sa ya yi kyau.” Sai ya ji yadda maganar ta fito, ya gyara zama. “Nufina, ya taɓa zuciya. Saurara, a taron Janairu duk matasa za mu miƙe mu ajiye muƙamanmu na kwamiti mu fice. Kendra za ta dawo. Ke za ki shige gaba.”

“In mun fice, wa zai kaɗa ƙuri'a a kan ƙudirin?”

“Wa yake ta ƙudiri kuma? Abin ya wuce nan.”

Na shanye gahawata duk da zafinta, na ce masa ya gaishe da mutanen gida.

A taron Janairu suka yi yadda suka faɗa. Nico ya karanta jawabinsa yana fuskantar kyamara, ya ba Loretta baya, suka fice a jere. Ɗaya ta manta safar hannunta, ta dawo a sace ta ɗauka, wannan kam ba a nuna ba. Kyamara ta juyo kaina tana jiran in bi su. Na gyara zama a kujerata mai ƙara. Da aka zo sababbin batutuwa na miƙe na gabatar da ƙudirina, kalma da kalma kamar na farko. Loretta ta tambaya sau biyu, ta buga guduma. Yanzu babu ko ɗan kwamiti ɗaya a ɗakin da bai girme ni da shekara talatin ba.

Kendra ta tare ni a wajen ajiye motoci, tana kokawa da ƙafafun kyamararta cikin sanyi. Na riƙe mata jaka.

Na ce, “Kin yanke rabin maganar Loretta.”

“Ba ni na yanke ba. Na tura duka, har da bayanin yadda dokar taronku take. Editana ya ce ba mai zama ya ji bayani.” Ta hura hannuwanta. “Ni kaɗai ce nake ɗauka, nake tambaya, nake tuƙi. Ki zo ɗakin shirinmu ranar Lahadi, ki faɗi naki da bakinki.”

“Su zaunar da wa a gefena?”

Ta karɓi jakarta. “Suna son ke da Loretta.”

“Mu yi ta cacar baki, ku sa talla a tsakiya.”

“Kusan haka.”

“Matar nan ce ta koya min rubutun haɗe. Ki gaya wa editanki ina da aiki ranar Lahadi.”

A wannan karon an ce 'yar tawaye ta ƙi bin 'yan tawaye. Yabon da ke wayata ya koma zagi, daga bakin mutanen da suka yabe ni. Wai an saye ni. Na kashe wayar na sa a aljihun tebur.

Cikin makon Loretta ta zo gidanmu da kanta, da kwanon taliya da naman kaza da aka gasa a tanda, kamar yadda ake kai wa gidan da aka yi rashi. Ta zauna a kicin ba ta cire rigar sanyi ba.

“Kin san mai riƙe da guduma ba ta zama ta biyu,” in ji ta.

“Na sani, Misis Vondracek. Za ki iya miƙa ta ga mataimakinki ki sauko.”

“Zan iya. Sai su ce zagin talabijin ne ya razana ni, duk abin da ya biyo baya kuma ya zama na talabijin, ba namu ba. Ba za su zaɓi ƙudirin ba ko da ransu yana so.” Ta juya kofinta. “Akwai manoma a ɗakin nan da bututun zai ratsa su kamar ku. Amma ba mai son ya zama shi ne ya fara tsayawa da yarinyar da ake cewa ta tona mana asiri.”

“Ba ni na tona ba.”

“Ni na sani. Tun kina aji huɗu ba ki iya neman taimako ba, balle na baƙi.”

Bayan ta tafi Mama ta ce, “Ki ɗauki kek ki je wurin Vern. Ki zauna ki ce, Kawu, don Allah. Kalma biyu ce, ba za ta fasa miki baki ba.”

“Ba zan roƙi mutum abin da yake haƙƙina ba.”

“Haƙƙinki.” Ta ajiye cokali. “Gonar tawa ce, girman kan naki ne. Ki tabbata kin san wanne kike karewa.”

Maganar ta zauna min. Na fita na zaga gonar, dusar ƙanƙara har ƙwauri, na tsaya daidai inda za a haƙa. Ba na son ƙarya: ko a nan ban ji zan iya zuwa ƙofar Kawu Vern da kek ba. Amma a nan ne na tuna irin mutumin da yake. Kawu Vern ba ya iya jin magana ya bar ta. Yana gardama da rediyo. Yana gyara wa fasto wa'azi a bakin ƙofa. Shirun da suke yi don su hore ni, shi ya fi kowa shan wahalarsa.

Dokar taronmu ta hana mai gabatarwa yin jawabi kafin a sami na biyu. Amma ba ta ƙayyade tsawon ƙudiri ba, kuma kowane ƙudiri yana da damar farawa da dalilansa, waɗanda ake jerawa da “ganin cewa.” Ba a banza na yi karatu ba.

A taron Fabrairu babu kyamara. Wani babban ɗan siyasa ya yi katoɓara a wata jiha, duk sun kwasa can. Na miƙe na fara. Ganin cewa bututu irin wannan ya taɓa fashewa a wani wuri. Ganin cewa ƙasar da aka haƙa aka mayar ba ta komawa yadda take sai bayan shekaru. Ganin cewa ayyukan da ake alkawari na 'yan watanni ne. Na karanta a hankali, ina tsayawa a kowace gaɓa, babu mai ikon katse ni. Kunnuwan Kawu Vern suka yi ja, ya yi ta murza hularsa. Amma ya daure. Loretta ta buga guduma, ƙudiri ya sake mutuwa.

Da muke naɗe kujeru ya wuce ta gefena. “Rabin abin da kika karanta shirme ne, Lauya.”

“Wanne rabin, Kawu Vern?”

“Kin san ba zan iya faɗa a taro ba.”

“Ai kuwa abin tausayi ne.”

Taron Maris shi ne na ƙarshe kafin majalisa ta kaɗa ƙuri'a. Ƙanƙara ta fara narkewa, kowa ya shigo da taɓo a takalmi. Mama ta ce za ta zo ta zauna a baya, na ce ta bari, ta ce ba izinina take nema ba. Muka tafi tare. Na san in ya mutu yau, ya mutu ke nan, kuma na san abin da za ta tuna duk lokacin da ta dubi gonar.

Na maimaita dalilan Fabrairu, sannan na ƙara sababbi. “Ganin cewa kamfanoni irin wannan sukan zo da ma'aikatansu daga nesa. Ganin cewa babu tabbacin ko mai walda ɗaya na gundumar nan zai taɓa bututun. Ganin cewa shugabannin ƙwadago na gundumar nan, duk da daɗewarsu a harkar, ba su nemi a rubuta musu wannan tabbaci ba...”

“Ƙarya ne!” Kawu Vern ya miƙe, kujerarsa ta faɗi baya. “Wa ya ce ba mu nema ba? Ni da kaina na...”

Guduma ta sauka. “Mista Kuhlman, ba ka da izinin magana.”

“Loretta, kina ji tana...”

“Madam Shugaba,” ta gyara masa. “Ba ta gama karantawa ba, kuma ko ta gama, babu na biyu. Zauna.”

Bai zauna ba. Na ƙarasa ƙudirina yana tsaye yana huci kamar bijimi.

“An gabatar,” in ji Loretta. “Akwai na biyu?”

“To ni ne na biyun!” Ya nuna ni da hula. “Kuma a rubuta, ba don na yarda ba. Don in gaya wa yarinyar nan ba ta san abin da take faɗa ba.”

“Na biyu na biyu ne,” in ji Loretta, fuskarta ba yabo ba fallasa. “An buɗe muhawara. Mai gabatarwa ce ke farawa.”

“Na bar wa Kawu Vern,” na ce, na zauna.

Ya yi magana mai tsawo, ba duka ba ce faɗa. Ya ce sun nemi tabbacin, an yi musu alkawari da baki, suna kan matsawa. Ya ce ɗansa yana can Dakota wurin aiki yana kwana a ɗakin da ake ja da mota, jikokinsa suna ganin ubansu a waya. “Kin ce aikin 'yan watanni ne. 'Yan watanni a gida, yana cin abincin dare da 'ya'yansa, ke a wurinki ba komai ba ne?” Wannan kam na bar masa. Na ba shi amsar sauran. Daga nan bakin kowa ya buɗe. Maganar wata uku ta fito lokaci ɗaya, wasu suna faɗa da ni, wasu da Vern, wasu biyu kuma suka koma kan wata tsohuwar rigimarsu ta magudanar ruwa har sai da Loretta ta dawo da su. Gahawa ta ƙare, aka sake dafawa. Ina lissafin fuskoki, na ga in aka kaɗa ƙuri'a a haka, zan faɗi.

Sai Arlo Tjaden ya ɗaga hannu. Manomi ne daga arewacin gunduma, wanda tun zuwana kwamiti ban ji ya ce komai ba sai “na halarta.”

“Madam Shugaba, ina da gyara. A cire inda aka ce muna adawa da bututu. A cire duk ganin cewar nan, sun isa haka. A bar cewa ba mu yarda a karɓi filin mutum da ƙarfi ba. In kamfani yana son hanya, ya lallashi mai gona ko ya kewaye.”

“An gabatar da gyara. Akwai na biyu?”

Ɗakin ya sake yin tsit. Mutanen Vern ba za su taimaki abin da zai sa ƙudirin ya wuce ba. Manoman kuma suna kallona, domin a wurinmu ba a yanka wa mutum maganarsa a gabansa sai an ga fuskarsa. Arlo ya fara jan kunnensa, alamar ya yi nadamar buɗe baki.

Ni ba na son bututun nan ko ta ina zai bi. Har yau ba na so. Darare na yi ina rubuta dalilan nan, kowanne da hujjarsa, kuma na yi wata uku ina tsayawa ni kaɗai a kan ƙudirin nan yadda yake. Na waiwaya baya. Mama ba ta kallona, tana gyara maɓallin rigarta.

“Akwai na biyu?” Loretta ta ɗaga guduma.

“Ni ce ta biyu,” na ce.

Kawu Vern ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. “Kin yanke wa ƙudirinki ƙafa da hannunki?”

“Ɗaya ta rage, Kawu. Ta ishe shi tsayuwa.”

Gyara ya wuce. Da aka zo babbar ƙuri'a Loretta ta ce ba ta yarda da kunnenta ba, masu goyon baya su miƙe. Na miƙe, Arlo ya miƙe, manoman suka bi ɗaya bayan ɗaya, sannan biyu daga mutanen ƙwadago waɗanda su ma suke da ɗan fili a bayan gari. Kawu Vern yana zaune daram, hannuwa a ƙirji. Da aka kira masu adawa shi ya fara tashi, duk da gwiwar. Loretta ta ƙirga sau biyu da bakin alƙalaminta. Mun fi su, da kyar.

“Ƙudiri ya wuce.”

Ba wanda ya tafa. Aka shiga maganar wa zai gyara famfon bayan gida.

A bakin ƙofa Kawu Vern ya taimaka wa Mama ta hau matakala, yana ce mata ta haifi ƙaya. Ta ce ai ta san da haka tun ranar da ta haife ni. Ni kuma ya ce min, “Kar ki ɗauka an gama. Watan gobe zan kawo nawa ƙudirin, na goyon bayan bututu.”

“Ka nemi na biyunka tun da wuri.”

Da safe Loretta ta tsaya a ƙofar gidanmu da motarta, domin shugaba ce ke kai matsayar gunduma ga ɗan majalisa, ta kuma ce tana son lauya a wurin don kada ya karɓa ya sa a aljihu. Babban birni tafiya ce mai nisa. Ta ce ita za ta yi magana, ni in yi shiru in riƙa kallonsa. Na ce ba zai yiwu ba. Ta ce to in bari ta gama gaisuwa tukuna. Muka hau babban titi, gonaki baƙi ƙirin da danshi hagu da dama, tana tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, manyan motoci suna ta wuce mu. Na ce a wannan tafiyar sai an gama shuka za mu isa. Ta ce in na iya tuƙi haka, me ya sa na faɗa ramin gaban makaranta da keke har sau biyu ina yarinya.